Allon da Baba Ya Ɗaura wa Jirgi

Ranar Larabar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na gama aji biyar na lakwal, wato makarantar boko, Baba ya dawo gida da hantsi. Ba lokacin dawowarsa ba ne. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu a unguwar Gamkalle ta yi caɓi, ni da Iya, mahaifiyar Baba, muna zaune a bakin rumfa muna tsinkar zogale don kwaɗon kopto. Ya shigo yana tura moto, wato babur ɗinsa, maimakon ya hawo shi, jar laka ta kama wandon aikinsa har gwiwa. Bai yi sallama ba, shi da yake mayar da mu waje idan muka shiga ɗaki ba sallama. Ya jingine moton, ya zauna a kan turmin da aka kife, ya dubi Inna, mahaifiyata, ya ce, "Jirgin ya sauka daga hanya. Ba wanda ya mutu. Sun ce ni ne." A kan turmin nan ya zauna har aka kira azahar.

Baba, Malam Lawali, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi. Da gyaran rediyo ya shigo Yamai yana saurayi, daga baya ya samu shiga wani ƙaramin kamfani mai ƴan ƙananan jirage, masu ɗauko marasa lafiya da ma'aikata daga garuruwan arewa. Shi ne mai kula da wayoyin kuran, wato lantarki, da agogunan da ke gaban matuƙi. Yana da lisans, wato izinin hukuma na taɓa jirgi. Da wannan izinin muke ci, da shi nake zuwa lakwal, da shi Iya take ɗaga kai idan ta je suna ko biki. Ba ta kama sunansa don ɗan fari ne, sai ta ce Mai-jirgi. Ni kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Uwata, ita kuma ta ce takwara. Gidanmu gidan tsari ne. Da safe shara, sannan wanke-wanke, sannan ni da ƙanena Sani mu gangara garkar kawunmu a bakin kogi mu cire ciyawa a fangalin yakuwa da na'ana'a. Sai an gama wannan duka ake barina in fita carafke da gaɗa da ƴan matan Zabarmawa na maƙwabta, kuma kafin magariba kowa yana gida.

A shekarar nan ne patron ɗinsu, mai kamfanin, ya sayo wa jirgi ɗaya sababbin alluna na gilashi, waɗanda Baba yake kira ekran, don su maye gurbin tsofaffin agoguna masu allura. Aka tura Baba ƙasar waje ya koyo. Ya dawo ya shafe watan azumi yana ɗaura su, ya fita bayan sahur, ya dawo ana kiran sallah, da ƙyar yake samun shan ruwa a gida. Gab da Sallah ya gama, aka gwada komai a ƙasa, komai ya yi daidai, aka ajiye jirgin a rumfa sai bayan hutu. Ranar da ya gama ɗin ya zo da wasu ƴan huluna biyu na fata, sirara, kowace da dogon jan ƙyalle a gindinta, rana ta cinye su duk sun tsattsage. Ya miƙa wa Inna ya ce ta yi masa sababbi a kan awonsu, gobe zai mayar. Inna tela ce, kuma duk wanda ya san gidan tela a goman ƙarshe na azumi ya san abin da nake nufi: shadda da atamfa har kan gado, mata zaune a tabarma sun rantse ba za su tafi ba sai da kayansu, keke yana kuka ba hutu, ni ina guga ina sa maɓalli. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ajiye nan, Malam." Ya ajiye a kwando. Wata ta ɗora lesinta a kai, wata ta ɗora nata. Kashegari aka ce an ga wata, gari ya ruɗe, daga shi har ita ba wanda ya ƙara tunawa.

Abin da ya faru ranar Larabar, a hankali muka tsince shi daga bakin masu zuwa jaje. Tashin farko ne bayan an ɗaura allunan. Matuƙa biyu ne, kowa da nasa allon. Jirgi ya kama gudu a kan hanyar tashi, allon na dama yana nuna gudu yana ƙaruwa yadda ya kamata, allon babban matuƙi a hagu kuwa yana jan ƙafa, lambarsa ta ƙi hawa. Wani rubutu ruwan ɗorawa ya fito yana cewa allunan biyu sun saɓa. Kafin babban ya yanke shawarar tsayawa, hanya ta ci rabi, ga ta a jiƙe. Ya taka birki, jirgi ya zame ya wuce ƙarshen kwalta, ƙafar gaba ta karye, hancinsa ya nutse a laka. Aka kafa komisiyo ta bincike. Aka ce wa Baba kada ya ƙara taka rumfar jirage, ya jira ranar da za a kira shi. Zargin a fili yake: sabon abu ɗaya ne a jirgin, mutum ɗaya ne kuma ya ɗaura shi. Idan ta tabbata ya haɗa waya ba daidai ba, za a karɓe lisans ɗinsa, ba zai ƙara taɓa jirgi ba har abada.

Baba ba mutumin magana ba ne a gaban manya, Faransancinsa na hannu ne, ba na baki ba. Sai ya yanke shawara zai nuna musu da ido. Ya sayo farin tiyon da magina suke awo da shi, ya lanƙwasa shi kamar ƙugiya, ya ɗaure a jikin katako a ƙarƙashin rumfa, ya zuba ruwan soɓo a ciki don a riƙa ganinsa, ya manna tef ɗin awon Inna a gefe. Kullum bayan la'asar sai ya tara mu, ni da Sani da Iya, ya yi mana bayanin da yake shirin yi wa komisiyo. A jere yake yinsa, a jere kuma na riƙe shi har yau. Na farko, allon bai san komai ba. Ba ya ganin sama, ba ya jin iska, abin da aka gaya masa kawai yake zanawa. Na biyu, masu jiyo labari suna waje. A gefen hancin jirgi akwai siririn bututun ƙarfe mai kallon gaba, iska tana shiga bakinsa, gwargwadon gudun jirgi gwargwadon ƙarfin turinta. Akwai kuma ƴan ramuka a jikin jirgin masu auna nauyin iska, don iska tana sauƙi idan aka yi sama. Na uku, tiyo yana kai wannan turin ga wani akwati, ƙaramar ordinatar ce, wato kwamfuta, ita take mayar da shi lamba. Wani akwatin yana jin karkatar jirgi, wani yana sauraron tauraron ɗan adam ya san inda ake, wani yana jin zafin inji da yawan mai. Na huɗu, dukansu suna aika wa allo ta waya, shi kuma ya shirya labarin wuri ɗaya: shuɗi a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, layi a tsakani shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa, gudu a hagu, nisa daga ƙasa a dama. Har na'urar da take tuƙi da kanta idan matuƙi ya saki hannu, daga waɗannan akwatunan take jin labari. Na ƙarshe, kowane matuƙi da nasa bututun, da nasa akwatin, da nasa allon, kuma allunan suna duba juna. Idan sun saɓa, su faɗa da ruwan ɗorawa. Idan akwati ya yi shiru ɗungurungum, allo ya zana jan giciye a wurin.

Ya raba mana aiki. Shi ne iska, ya hura bakin tiyo, soɓo ya hau a ɗaya gefen. Ni ce akwati, in duba inda ya tsaya a kan tef in raɗa wa Sani a kunne. Sani shi ne allo, ya rubuta da alli a allonsa na lakwal ya ɗaga. Da fari mun ɗauka wasa ne. Ranar da Sani ya ƙara sifili don ya ba ni dariya, Baba ya murɗe masa kunne har ya yi ƙara, ya ce, "Allo ba ya ƙari, ba ya ragi." Sannan ya ce in toshe bakina, wai waya ta tsinke, Sani ya zana giciye. Sai ya juya ga Iya: "Kin gani, Iya? Da wayata ce ta lalace, giciye ne zai fito. Matuƙi bai ga giciye ba, lamba ya gani." Iya ta ce, "Ni kake tambaya, Mai-jirgi? Ni da ko taksi juwa take sa ni." Ba wanda ya yi dariya. Dukanmu mun san inda bayanin yake tsayawa. Idan ba waya ba ce, daga ina lambar ƙarya ta fito? Bututun hagu ya karye ya cika da laka lokacin da hancin ya nutse, ba abin da za a iya karantawa a cikinsa. Baba ya san za a tambaye shi.

Wannan tambayar ce ta riƙa cin sa. Ya daina gama tuwonsa. Da safe ya sa riga mai guga ya tafi Plato, unguwar ofisoshi, ya zauna a benci a ƙofar wannan biro, a ce ya dawo gobe, ya koma wancan, a ce mai wurin ya fita. Ya dawo ya zauna a kan turmi yana lissafo wayoyi da baki, wannan fara daga nan zuwa can, wannan shuɗiya daga can zuwa nan, ya kai ƙarshe ya sake daga fari. Wani lokaci ya tsaya a tsakiya ya ce, "Ko dai na yi kuskuren?" sai ya dafe kai. Masu kawo ɗinki suka riƙa yin shiru idan ya gifta. A wurin gaɗa wata yarinya ta kira ni ƴar mai kayar da jirgi, na kama gashinta, aka raba mu, daga ranar na daina fita. Kawunmu ya zo ya ce idan abin ya ƙi, gonar ƙauye tana nan. Na ji wannan daga bayan ƙofa, na san ma'anarsa: an kusa komawa lakwal, ni kuma ba zan shiga aji shida ba. Iya ta soya masa, wato waina, ta raba wa yaran unguwa sadaka. Inna ta rame, ta riƙa ɗinka hannun riga a baibai tana farkewa.

Ana cikin haka hangum ya kama ni, kumatuna suka kumbura har ba na iya tauna. Maganin Iya na hangum ɗaya ne, gidan zanzaro. A ɓamɓaro shi, a jiƙa, a shafa a muƙamuƙi. Shi ya sa a gidanmu ba mai fasa gidan zanzaro, ko a bayan ƙofa ya gina, ko a jikin gidan sauro, Iya ta hana. Kwanakin nan Baba yana ta zaryar Plato, bai taɓa tiyonsa ba. Ranar da aka ba shi sanarwar gobe komisiyo za ta saurare shi, ya dawo da la'asar ya ce mu taso a yi gwajin ƙarshe. Na fito da laka a fuska na tsaya wurina. Ya hura. Soɓo bai motsa ba. Ya cika kumatu ya sake hurawa har jijiyar wuyansa ta fito, soɓon ya ɗan yi rawa da ƙyar ya tsaya. Ya miƙe a fusace ya ce wane ne a cikinmu ya yi wasa da kayansa, ya kai hannu ga tsumagiya. Sani ya fashe da kuka tun ba a taɓa shi ba. Sai Iya ta ce daga inda take zaune, "Kai, bar mini yara. Zanzaro ne. Tun shekaranjiya nake ganinsa yana shiga da laka a baki. Ni na hana a kore shi, saboda takwara."

Baba ya saki tsumagiyar. Ya ɗauko reza ya tsaga bakin tiyon a tsaye. Can ciki, inda ido ba ya kaiwa daga waje, ga gini nan na laka, an toshe shi tsaf, da ƴan tsutsotsi koraye a jere a ciki. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Ni a lokacin murna ce ta kama ni, don na gane: ga inda lambar ƙarya take fitowa, waya lafiya lau, akwati lafiya lau, allo ya faɗi abin da aka gaya masa. Har na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fuskarsa ba ta murna ba ce. Ya juya wajen ɗakin ɗinki, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce wa Inna, "Rabi, ina hulunan da na ba ki?"

Inna ta tsayar da keke. Ta jawo kwando ta fara fitar da ƙyallaye, guntun shadda, guntun lesi, ragowar kayan Sallar mutane, har ta kai ƙasa. Suna nan yadda ya ajiye su. A nan ya gaya mana aikinsu. Su ne murfin bututun nan biyu. Duk jirgin da aka ajiye sai an sa masa su, jan ƙyallen kuma don a gani a cire kafin tashi. Jirgin ya yi hutun Sallah gaba ɗaya baki buɗe, cikin damina, lokacin ginin zanzaro. Ranar tashi matuƙi ya zagaya bai ga jan ƙyalle ba, ya ɗauka an riga an cire, don haka ake so a gani.

Inna ta damƙe hulunan ta nufi murhu. Baba ya riƙe hannunta. Ban taɓa ganin sun yi jayayya ba sai ranar. Tana kuka tana cewa, "Malam, wa ya sani? Ni, da kai, da Iya, da yara. Bututun ya karye, laka ta shiga laka. Ka je ka yi musu bayanin giciyenka ka dawo. In kuwa dole ne sai an faɗa, ka ce ni ce, ni na danne su." Ya ce, "Ke aka ba lisans?" Ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ta kira masa sunana, ta kira na Sani, ta ce ya dubi tsohuwa. Iya dai tana jan carbi da sauri. Ya ce, "Idan na yi shiru, za su canza wayar da ba ta da laifi su ce an gyara. Sauran jiragen suna nan a rumfar, hulunansu ma sun tsufa. Zanzaro bai san an rufe magana ba." Ta ce to mu fa? Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta tashi, ta share fuska da gefen zane, ta zaro wata fata mai kyau da take ɓoyo, ta auna, ta yanka, ta zauna a keke. Kafin magariba ta gama su, biyu, ɗinki ninki biyu, jan ƙyalle sabo. Aikin da bai kai dahuwar shinkafa ba. Ta ajiye a gabansa ta shige ɗaki.

Da safe ya tafi da tsofaffin hulunan, da sababbin, da guntun tiyon da ya tsaga. Katakon da soɓon ya bar su a rumfa. Na zauna a bakin ƙofa da kumburarren muƙamuƙi har rana ta take. Da ya dawo, ya yi sallama wannan karon. Ya ce sun saurare shi da mutunci, sun sa an fasa bututun da ya karye an duba a hankali, an samu abin da ya ce za a samu. Sun wanke allon, sun wanke haɗin wayarsa, sun ce aiki ne mai kyau. Amma shi ya cire murfi ya tafi da shi gida, kuma jirgi ya lalace. Sun karɓe lisans ɗin. Inna ta ce, "Har abada?" Ya ce, "Kawo mini ruwa."

Ba mu koma ƙauye ba. Ya kafa ƴar rumfa kusa da kasuwa yana gyaran tele da rediyo, muka bar gidan Gamkalle muka koma ɗaki biyu a bayan gari. Na shiga aji shida, na ci jarrabawa, amma ban yi nisa a kolej ba, na dawo na kama wa Inna keke. Ban taɓa jin ya ɗora mata laifi ba, ban kuma taɓa jin ta yafe wa kanta ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ƴaƴana suna tashi da allo a hannu, abin da ya nuna musu shi ne gaskiya, ba su tambayar wa ya gaya masa. Idan ya fashe a jefar a sayi wani, har rumfar gyaran Baba ta rufe don ba mai kawo aiki. Idonsa ya yi rauni, yana zaune a wurina, a unguwar da jirage suke bi ta kanta idan za su sauka. A da shi ne mai tara mu yana bayani, yanzu jikoki ne suke kewaye shi da surutu, yana gyaɗa kai. Amma duk lokacin da jirgi ya taho, ko yana tsakiyar magana, sai ya yi shiru, ya karkata kunne, ba ya ci gaba sai ƙarar ta sauka lafiya ta ɓace. Ban taɓa tambayarsa abin da yake saurare ba.